Facin Zuciyar Jidda

Tun ranar da muka dawo ban sayar da nama cikin kwanciyar hankali ba. Mutum zai zo teburina a Abatuwa, mayankarmu ta Jos, ya ce a yanka masa na miya, ina cikin sara sai ya gyara tsayuwa: "Malam Garba, wai da gaske zuciyar saniya aka sa wa 'yarka?" Wani ya ce shi ya ji ta alade ce. Wata mata har da tambayata ko yarinyar ta fara sha'awar ciyawa, don Allah ku ji rainin hankali. To, na gaji. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni in yi sana'ata.

Jidda ita ce autata, kuma da ciwon aka haife ta. Leɓenta da faratanta kullum shuɗi-shuɗi kamar ta yi wasa da bulun wanki. In ta taso daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta tsuguna tana haki. An sha rubutu, an sha saƙe-saƙi, ba wanda ba mu gwada ba. Daga baya likitan zuciya a nan Jos ya ɗora mata na'ura a ƙirji, ya nuna mana da yatsa: akwai huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciyarta, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta tsuke. Bai ɓoye mana ba. Ya ce in ba a yi aiki ba, wata rana numfashin zai ɗauke bai dawo ba. Shi ya haɗa mu da wani asibiti a Delhi, can ƙasar Indiya. 'Yan'uwana mahauta da dangi da maƙwabta, Musulmi da Kirista, suka tsaya mana har tafiyar ta yiwu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kafin mu bar ofishin likitan na tambaye shi da me ake toshe huda a zuciya. Ya ce faci ake yi. Na ce facin me? Ya ce sau da yawa da tantanin nan da ke lulluɓe da zuciyar saniya. Sai da na yi dariya. Abin da nake yagewa kullum in jefa wa karnukan bayan kwata! Ni rigar zuciya nake ce masa.

Da yamma na ba da labarin a majalisa, sai Ila ya ajiye kofin shayinsa. Kun san Ila abokina, bai taɓa jin labari mai daɗi ya bar shi da daɗinsa ba. Ya ce, "Garba, wa ya yanka saniyar? Su can ai bugun kai suke yi wa dabba. Mushe za a ɗinka wa 'yarka a ƙirji, ta yi salla da shi, ta yi azumi da shi har ƙarshen ranta." Na zage shi tas, amma maganar ta bi ni gida. Ni mahauci ne ɗan mahauci. Ban taɓa sa mushe a tukunyar wani ba, sai a zuciyar 'yar cikina?

Ana gobe za mu tashi na shiga kara da sassafe, na zaɓi wani farin sa mai ƙoshin lafiya. Da hannuna na kwantar da shi, na fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla na yanka. Na zare rigar zuciyar a hankali, ko ƙwarzane babu. Na wanke da ruwan leda, na barbaɗa gishiri, na naɗe a sabuwar leda. Na ari kula wajen Mama Nkechi, maƙwabciyarmu mai sayar da lemo, na cika da ƙanƙara. Matata Hajara tana tsaye tana kallona.

"Malam, likita ya ce ka zo da shi?"

"Bai ce kar in zo da shi ba."

"Allah ya kyauta," in ji ta, ta ci gaba da ninke kayan Jidda.

Muka kama hanyar Abuja a motar haya, ni a gaba da kula a kan cinya. Muna gangara Hawan Kibo sanyin Jos ya ce ga garinku, zafi ya taso. Kafin Akwanga na fara jin ruwa yana ƙugi a cikin kular. Na sa direba ya tsaya, na bi masu sayar da ruwan sanyi ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙanƙara, fasinjoji suna ta tsaki. A wani shinge soja ya leƙo ya ce, "Oga, me ke cikin kula?" Na ce magani ne. Ya buɗe, ya ɗaga ledar, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai kayan farfesu ne." Na ce masa in ya ga dama ya kira shi miya ma, ya dai rufe min kafin ƙanƙarata ta ƙarasa narkewa.

A filin jirgin Abuja ne aka yi ta ta ƙare. Kular ta shiga injin duba kaya, wata ma'aikaciya ta ce a buɗe. Na yi mata bayani da guntun Turancina, ta kalle ni sama da ƙasa, ta kira ogansu. Shi Bahaushe ne, mai furfura a gemu. Ya saurare ni har na gama, kuma bai yi dariya ba, abin da ya sa ban ci kwalarsa ba ke nan. Ya ce, "Baba, ɗanyen nama ba ya ƙetare iyaka. Ko mun bar ka a nan, can za su tsare ka, yarinya ta rasa ranar ganin likita." Na ɗaga murya, na ce wannan ba nama ba ne, ran 'yata ne. Jidda tana zaune a keken marasa lafiya, ta ja bakin rigata ta ce, "Baba, mutane suna kallonmu." Na sauke murya. Na miƙa masa kular, na ce kada su jefa a shara, da sunan Allah aka yanka. Ya karɓa da hannu biyu. Masu cewa na yi wauta su ci gaba da faɗa, ni har gobe ban ga laifin uban da ya yi haka ba.

Jirgi kuwa ba abin da zan ce sai Allah ya isa tsakanina da kunnena. Abinci a ɗan faranti kamar na wasan yara. Mun yada zango a Habasha, inda na yi ta zagaye ina tambayar alƙibla har wani Basudane ya ja hannuna. A jirgi na biyu numfashin Jidda ya yi nauyi, suka sa mata robar iska a hanci, daga nan ban ƙara lura da komai ba sai ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Da muka sauka Delhi, mai duba fasfo ya buga hatimi, na ce masa mu wuce? Ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ce shi ke nan, an hana mu shiga. Na sake tambaya, ya sake kaɗawa. Na fara zufa ina laluben takardun asibiti, sai na bayana ya tura ni gaba. Ashe su haka suke cewa to. Mutum zai amince maka da magana, kai kana ganin ya ƙi.

Masaukinmu wani gida ne mai hawa kusa da asibitin, cike da masu jinya daga ko'ina: Larabawa, 'yan Sudan, Yarbawa, da wani Bukar ɗan Maiduguri da ya kawo mahaifinsa aikin ƙoda. Shi ya zama idonmu a garin. Mai gidan wata tsohuwa ce, kowa Anti yake ce mata. Dokarta biyu: a cire takalmi a ƙofa, kuma nama ko ƙwai ba ya shiga kicin ɗinta. Ranar farko ta tambayi sana'ata. Turancin ya ɓace min, sai na ja yatsa a maƙogwaro, na yi kukan saniya. Matar nan ta dafe ƙirji ta ja da baya, Hajara ta mintsine ni har sai da na yi ƙara. Amma fa baiwar Allahn nan ba ta riƙe mu ba. Kullum da safe sai ta aiko wa Jidda madara mai ɗumi da kurkum, ni kuma ta gaishe ni daga nesa.

Abincinsu ba laifi, sai dai ba na namiji mai aikin ƙarfi ba ne. Wake ne an dafa har ya zama ruwa, da wata gurasa marar kauri, da shinkafa, da yaji mai hawa ka. Za ka ci ka ƙoshi amma haƙoranka ba su yi aikin komai ba. Sai daga baya Bukar ya kai ni unguwar Musulmi na samu naman ɓauna, na ci a tsaye a bakin shagon, na wanke baki kafin in koma gidan Anti.

Shanu kuwa, tabɗijam! Saniya za ta kwanta a tsakiyar titi tana tuƙa, motoci da babura suna kewaye ta, ba mai ko yi mata tsawa. A Jos in saniya ta kwana haka ba mai ita, kun san inda za a same ta da hantsi. Wata rana muna tafe da Bukar na ga wata jibgegiya a gindin bishiya. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na dafa tozo, na matsa ƙugu, na ɗaga wutsiya ina lissafin kitsen a raina. Ina ɗagowa na ga mutane sun kewaye mu. Bukar ya ce a Hausance, "Malam Garba, in kana son mu koma gida da ƙafafunmu, shafa ta a hankali kamar kana sa mata albarka." Na shiga shafa. Wani dattijo ya ji daɗi, ya miƙo min ayaba. Ni Garba, da na ƙarar da ƙuruciyata a kwata, na tsaya ina ba saniya ayaba a baki, jama'a suna murmushi.

Aka yi wa Jidda gwaje-gwaje, sannan babban likitan ya kira mu. Dattijo ne siriri mai sanyin magana, Bukar yana fassara. Ya zana zuciya a takarda, ya nuna inda zai toshe da inda zai buɗa ya ƙara faɗi. Na ce facin na mene ne? Ya ce na saniya. Na ce wa ya yanka ta? Ya ce a rufe yake zuwa musu daga wata ƙasa, shanun lafiyayyu ne da aka bincika, amma bai san mai yankan ba. Ya ce akwai wurin da zai iya amfani da tantanin ita yarinyar, akwai ma na masana'anta, sai dai ba zai buɗe ƙirjinta ba sai na yarda da na saniyar, don ba ya son ya shiga ya tarar shi ake bukata, hannunsa kuma a ɗaure. Ya turo min takardar sa hannu. Na tura masa abarsa, na ce a ba ni lokaci.

Hajara ba ta ce min uffan ba a hanya. Ta zuba min abinci ba magana, ta kwashe kwano ba magana. Washegari da safe tana yi wa Jidda wanka sai na ji salati. Na faɗa ciki na tarar yarinya ta yi baƙi ƙirin, idanu sun juye, jiki ya saki. Hajara ta naɗe mata gwiwoyi zuwa ƙirji yadda likitan Jos ya koya mata, tana kiran sunanta, ni kuwa ina tsaye ba abin da na iya. Da ƙyar numfashin ya dawo. Muka kwashe ta zuwa asibiti, suka ba ta gado.

A barandar asibitin Hajara ta juyo ta dube ni. Tunda na aure ta ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, ni na ɗauki cikinta, ni nake kwana ina ƙirga numfashinta. Ila yana can yana shan shayinsa. In yarinyar nan ta tafi kana riƙe da biro, ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba." Tsoro nake ji ta ko'ina: in sa hannu in saɓa wa Allah, in ƙi in rasa 'yata.

Wata nas ce ta ga halin da muke ciki, ta ce akwai 'yar ƙasarmu a ginin bincike na bayan asibitin, bari ta kira ta. Can sai ga wata baƙar yarinya doguwa cikin farar riga. Ta rusuna ta ce, "Sannu Baba, sannu Mama. Yaya jikin yarinyan?" Daga jin Hausar na ce wannan ta gida ce. Na ce 'yar ina? Ta ce Jos, a Giring ta tashi, sunanta Kaneng. Na ce ni Abatuwa nake. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Kai Baba! Ku ne kuka sa nake toshe hanci kullum in zan wuce makaranta." Na ce mata da warin ne aka yi miyar da ta girma da ita. Karatun digiri na uku take yi a can, kuma a kan irin wannan facin take bincike.

Na zayyana mata komai, har da kular. Ita ta yi dariya, ba ta ɓoye ba, har da share hawaye. Sannan ta ce, "Baba, da ma an bar ka ka kawo, ba mai sa shi. Ɗanye ne. Jikin Jidda zai gane baƙo ne ya yaƙe shi, ya ruɓe a ciki. Zo ka ga yadda ake yi." Ta nemo izini, aka sa min hula da safar hannu da takalmin leda, na shiga ina tafiya kamar agwagwa.

Ta ɗauko wata kwalba daga cikin na gwajinsu, ta zaro wani abu fari tas ta ɗora min a tafi. Na juya shi, na ja shi kaɗan. Shi ne, rigar zuciya, gefe ɗaya santsi, ɗayan kuma kaushi-kaushi, amma ba jini, ba kitse, ba ƙarni. Ta ce ana kankare shi, a yi ta wankewa da magunguna har abin da ke raye na saniyar ya mutu ko ya fita, saƙar kawai ta rage. Sannan a jiƙa shi a wani ruwan magani da ke ƙarfafa shi ya hana shi ruɓa. Na ce, "Tsaya, 'yata. Wannan ai jima ce." Ta ce, "Ita ce, Baba. Abin da majema ke yi wa fata, shi ake yi, sai dai da tsabtar da ta fi ta ɗakin tiyata. In an ɗinka shi, a hankali naman Jidda zai bi ta kansa ya lulluɓe shi."

Daga nan ta ce in zo in ga nata aikin. Ta ce wannan facin yana da aibi ɗaya: ba ya girma, yaro kuwa yana girma, wani lokaci ma facin yakan taurare bayan shekaru. Su suna neman wanda jiki zai riƙa cinyewa a hankali yana maye gurbinsa da namansa. Ta zaunar da ni gaban madubin ƙara girma, ta sa wani ɗan faranti, ta ce in leƙa. Na leƙa. Wani abu ne kamar yanar koko, yana motsi, dam, dam, dam. Na yi baya har kujerar ta kusa kifewa, na ce a'uzu billahi! Na san nama yana rawa bayan yanka, amma kafin ka wasa wuƙa ya daina. Ta ce wannan ƙwayoyin naman zuciya ne da suka raina daga jinin mutum, sun yi makonni suna bugawa a farantin nan ba zuciya ba ƙirji. Burinsu wata rana a shimfiɗa irinsu a kan faci a manna wa zuciyar da wani sashenta ya mutu. Ta ce, "Amma fa da saura, Baba. Gwaji muke yi, kar ka je Jos ka ce mun gama."

Na daɗe ina kallon yarinyar nan. Ga Indiyawa manya-manya suna zuwa suna tambayarta abu tana nuna musu. 'Yar Giring! Wallahi kaina ya yi girma kamar ni na haife ta. Ta ce in ta gama gida za ta dawo, don abin yana ba ta haushi: shanun da ake yankawa a Abatuwa kullum, a ce facin da za a sa wa ɗan Jos sai ya zo daga wata ƙasa. Na ce ta dawo, wuƙata tana nan.

Duk da haka ban sa hannu ba sai da na kira malamina na Gangare, wanda nake ɗaukar karatu a wurinsa. Na gaya masa yadda na gani da idona. Ya ce, "Garba, takalmin fatar da ke ƙafarka, ka san wanda ya yanka san?" Na ce a'a. Ya ce, "Jemammen abu ne aka ce maka, kuma ko ba haka ba, ceton rai ake magana, addini bai ƙuntata maka a nan ba. Kai da Ila ne kuka ƙuntata wa kanku. Ajiye wayar nan ka je ka sa hannu, kar in ƙara jin muryarka sai da albishir." Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Da na miƙa wa likitan takardar sai tsokana ta motsa. Na ce Kaneng ta tambaye shi, shi da ba ya cin saniya, yaya yake ɗinka ta a jikin mutane? Ya yi dariya ya ce, "Ni ban iya yanka ba, kai ba ka iya ɗinki ba. Ga shi yarinya tana bukatar mu biyun." Na ce a gaya masa ya iya magana.

Ranar aikin aka shiga da ita da safe. Ta ɗaga mana hannu daga kan gadon, ta ce a ajiye mata 'yar tsanarta. Muka zauna a baranda. Na ja carbi har yatsuna suka yi zafi. Bukar ya bar mahaifinsa ya zo. Can sai ga Anti da ƙullin abinci, ta zauna kusa da Hajara ta riƙe mata hannu, ba mai jin yaren wani, haka suka wuni. Bayan la'asar likitan ya fito, ya cire abin rufe baki, ya dube ni ya kaɗa kai gefe da gefe. Gabana ya faɗi, na ɗauka an rasa ta, sai da Bukar ya girgiza ni yana cewa, "To yake nufi, Malam Garba! An yi nasara!" Na yi sujada a nan kan tayil, ban damu da wanda ke kallo ba.

Da aka bar mu muka leƙa ta, tana kwance cikin wayoyi da robobi, ba ta farka ba. Ni injinan nake kallo. Hajara ce ta kama hannuna ta ce, "Malam, dubi bakinta. Ashe ja ne." Na duba. Leɓen 'yata ja, faratanta ja, irin na kowane yaro. Shekara takwas muna tare ba mu san kalarta ba. Likitan ya ce ya yi amfani da na saniyar, kuma duka facin bai kai tafin hannun jariri ba. To ga amsarku, masu cewa zuciyar saniya. Zuciyarta ce da Allah ya ba ta, faci kawai aka yi mata, da abin da ni da ku muke jefa wa karnuka. Duk mai raina mahauci ya zo ya same ni mu yi magana.

Mun ƙara 'yan makonni kafin a sallame mu. Jidda ta fara cin abinci kamar an buɗe rumbu, har waken Anti take sharɓa tana neman ƙari. Likitan ya gargaɗe mu cewa ba an gama ke nan ba, za a riƙa duba ta a Jos, kuma mai yiwuwa in ta girma a sake wani gyaran. Mun ji, mun gode. Kaneng ta rako mu har mota, ta ba ni saƙon atamfa in kai wa mahaifiyarta. Na kai da kaina, na ce wa matar ta gode wa Allah, ta haifi 'ya.

Ranar da muka iso Jos an yi ruwa, gari ya yi sanyi. Mai keke-napep ya sauke mu a bakin lungunmu, don kun san keke ba ya shiga, ga kwata ga duwatsu ga hawa. Mutanen unguwa sun fito, Mama Nkechi tana guɗa irin tasu, Ila yana raɓe a baya yana sosa ƙeya. Tun da aka haifi Jidda ba ta taɓa taka lungun nan da ƙafarta ba, a bayana take shiga, a bayana take fita. Don haka ban ma yi tunani ba, na ajiye jaka, na juya mata baya na durƙusa, na ce, "Hau, uwata."

Sai na ji ɗan hannu yana ture min kafaɗa.

"Baba, matsa mana, ka tare min hanya."

Ta raɓa ta gefena, ta tsallake kwatar, ta kama hawan nan tana 'yar tsanarta a hannu. Ba ta tsaya ba, ba ta tsuguna ba, har ta kai ƙofar gida ta juyo tana kiran uwarta ta kawo makulli. Ni kuwa ina nan durƙushe a cikin taɓo, bayana ba kowa, na kasa tashi. E, na yi kuka, a gaban maza da mata. Wanda ya ga abin dariya a ciki ya zo teburina gobe ya faɗa min a fuska.